Bayan Ran Iyaye: Shirya Matasa Masu Naƙasar Tasowa Domin Riƙe Kansu



Gabatarwa

Wataƙila wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya yana jawabi a kan al'amarin da aka saba jin sa daga bakin likitoci da malaman ilmin masu buƙata ta musamman. Dalilina biyu ne. Na farko, sana'ata ita ce nazarin harshe da al'ada, kuma da harshe da al'ada ne jama'a suke yanka wa mutum matsayinsa tun kafin likita ya gan shi. Na biyu kuwa ya shafi gidan da na tashi.

Ina da ɗan baffa wanda ya kai shekara biyar bai fara magana ba. Aka sa shi makaranta, ya yi shekara uku a aji ɗaya, aka maido shi gida. Mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, ta ɗauke masa kome. Ita take zuba masa ruwan wanka, ita take zaɓa masa riga, ba ta yarda a aike shi ko bakin titi. Ta rasu yana da shekara 27. Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun watse, sai dattawan gidan suka zauna a zaure, aka yi shiru, har wani ya ce, "To, shi kuma wa zai ɗauke shi?" A ranar nan bai san bambancin takardun kuɗi ba, bai taɓa tsallaka titi shi kaɗai ba. Daga baya wani maƙwabcinmu mai injin niƙa ya riƙa tafiya da shi wurin aiki. Kafin shekara ta zagayo ya iya karɓar kwanon kowace mace ya mai da mata nata ba tare da ya haɗa ba, ya iya share injin, ya san kuɗin niƙan mudu ɗaya. Ashe da ma zai iya. Shekara ashirin aka yi asara domin ba wanda ya gwada koya masa.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa tambayar nan da aka yi a zaure ana iya amsa ta tun iyaye suna da rai, kuma amsarta tana cikin horo wanda ake farawa da wuri, ake bi daki-daki.

Su Wane Ne Muke Magana a Kansu?

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na kiran mutumin da fahimtarsa ba ta kai ta tsaransa ba: wawa, dolo, gaula, soko, sakarai, gaɓo. Abin lura shi ne, dukansu kalmomin zagi ne, waɗanda ake jifan mai cikakken hankali da su in ya yi aikin ban haushi. Ba mu da kalma ta asali wadda take bayyana halin ba tare da ta muzanta mai shi ba. A 'yan shekarun nan kafofin watsa labarai sun yawaita amfani da kalmar galahanga, sai dai suna ɗora ta a kan lalurori daban-daban. Saboda haka a nan zan yi amfani da "naƙasar tasowa", watau naƙasar da take bayyana tun mutum yana yaro, take shafar fahimtarsa ko maganarsa ko motsinsa ko cuɗanyarsa da mutane, kuma take tare da shi har ƙarshen rayuwarsa.

A cikin wannan rukuni akwai masu jinkirin fahimta. Akwai masu lalurar da ake kira da sunan John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana siffofinta a 1866, wadda aka gano a Faransa a 1959 cewa ƙarin kuromosom na 21 ne yake jawo ta. Ana samun ta a kimanin jariri ɗaya cikin kowane 1,000. Akwai masu otizim, wanda Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, inda yaro yake shan wahalar magana da cuɗanya, yake kuma son maimaita abu ɗaya. Akwai kuma waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni a lokacin haihuwa, gaɓoɓinsu suka sandare ko suka yi laushi, ko da yake da yawa daga cikin waɗannan fahimtarsu garau take.

Wajibi ne a bambanta wannan da taɓin hankali. Taɓin hankali ciwo ne da kan sami mutum, sau da yawa bayan ya girma, kuma ana yi masa magani ya lafa ko ya warke. Naƙasar tasowa ba a warkar da ita da allura ko rubutu ko hayaƙi, amma mai ita yana koyo, yana ci gaba, sai dai a hankali. Rashin bambanta su ne ya sa ake kai irin waɗannan yara gidan mari, ko a ce da yaro mai laushin jiki ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya shi.

Da yawa daga cikin musabbabanta a ƙasarmu sanannu ne: doguwar naƙuda wadda take hana jariri numfashi, shawarar jarirai in ba a kula da ita ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, da sanƙarau irin wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996. Mu tuna kuma da gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, inda yara fiye da 400 suka mutu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yammata.

Matsayinsu a Zaman Bahaushe

Masu nazarin zaman Hausawa sun daɗe da lura cewa naƙasassu suna da tsari nasu. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa, a wasu garuruwa har da unguwarsa. Ko mene ne aibin wannan tsari, musamman yadda ya jingina ga bara, ya ba su murya a gaban hukuma. Masu naƙasar tasowa kuwa ba su da sarki, ba su da unguwa, ba su da mai magana da yawunsu. Gida kaɗai ne gatansu.

A da gidan ya isa. A zaman gandu, inda uba da 'ya'ya da jikoki suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, ba a rasa aikin da ya dace da kowa. Wanda bai iya lissafi ba ya iya korar tsuntsaye daga gero, ya iya kai awaki kiwo, ya iya ɗebo ruwa. In uba ya mutu babban wa ya gaji gida da duk wanda yake cikinsa. Yau gandu ya watse a wurare da yawa. 'Yan'uwa sun rarrabu, wannan yana aiki a Abuja, wancan yana haya ɗaki biyu a Kaduna, kowa yana fama da albashinsa. Rayuwar birni kuma tana neman abubuwan da ƙauye bai nema ba, kamar hawa mota, karɓar canji, amsa waya da nuna katin shaida.

Bugu da ƙari, waɗannan mutane sun fi daɗewa a duniya yanzu. A Amurka, mai lalurar Down yakan rayu kimanin shekara 25 ne a farkon shekarun 1980, amma yanzu yakan kai kimanin shekara 60. Ko da yake ba mu kai nan ba, rigakafi da magunguna suna sa yaran da a da suke mutuwa da ƙuruciya su girma. Ma'anar wannan ita ce da yawansu za su binne iyayensu.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Koya

Ƙasashen Turai da Amurka sun fara bin hanyar tara irin waɗannan mutane a manyan gidaje nesa da gari. Abin bai yi kyau ba. Gidan Willowbrook na birnin New York, wanda aka gina domin mutum 4,000, ya tara fiye da 6,000 a tsakiyar shekarun 1960. Da aka nuna halin ƙazanta da wulaƙancin da suke ciki a talabijin a 1972, jama'a suka tayar da ƙayar baya, har aka rufe shi a 1987. Na ambaci wannan ne domin in ja kunnen masu tsara manufofinmu, waɗanda sau da yawa in aka ce a taimaki naƙasassu ba abin da yake zo musu a rai sai gina katafaren gida a kewaye shi da katanga.

Sabon tunani ya faro ne daga Denmark, inda dokar 1959, wadda Niels Erik Bank-Mikkelsen ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tsara ta, ta ce a bar masu jinkirin fahimta su yi rayuwa mafi kusa da ta sauran jama'a. Bengt Nirje na Suwidin ya faɗaɗa bayanin a 1969. Sa'an nan a farkon shekarun 1970 wani malami a Jami'ar Illinois, Marc Gold, ya koya wa matasa da aka ɗebe tsammani daga gare su haɗa birkin keke mai ƙananan sassa 15. Dabararsa ita ce ya tsinka aikin gaɓa-gaɓa, ya rage surutu, ya nuna da hannu. In ɗalibi ya kasa, sai ya ɗora laifin a kan hanyar koyarwa ya sake wata.

Daga nan dokoki suka biyo. Dokar ilmin naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta wa makarantu su rubuta wa kowane ɗalibi shirin fita zuwa rayuwar manya kafin ya wuce shekara 16. A Ingila dokar 2014 ta ba da damar ci gaba da shirin ilmi da lafiya da kulawa har mutum ya kai shekara 25, kuma ana fara zancen makomarsa yana da shekara 13 ko 14. Lokacin da nake karatu a waje, akwai wani saurayi mai lalurar Down da yake aiki a ɗakin cin abinci na jami'a. Kullum da safe yakan hawo bas shi kaɗai, ya jera faranti, ya goge tebura, a ƙarshen wata ya karɓi albashinsa. Duk lokacin da na gan shi sai ɗan baffana ya faɗo mini a rai.

Mene ne Riƙon Kai a Wurinmu?

A nan ya kamata mu yi hattara da kwaikwayo. A wurin Bature, alamar girma ita ce yaro ya bar gidan ubansa ya kama ɗaki shi kaɗai. Bahaushe bai ɗauki zaman kaɗaici abin alfahari ba, ko ga mai lafiya. A wurinmu ana cewa mutum ya girma in yana da sana'a, yana sa hannu a cefane, ana shawara da shi a kan abin da ya shafe shi, ana kuma ganinsa a wurin suna da jana'iza. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu auna shirinmu da shi. Saurayin da yake zaune a gidan wansa, amma yana wanka da kansa, yana fita aiki, yana kawo ɗari biyar ɗinsa, ya riƙe kansa. Kuma irinsa ne matar wa take haƙurin zama da shi. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Lalle ne kuma a faɗi gaskiya. Akwai waɗanda naƙasarsu ta yi tsanani, za su buƙaci mai kula da su dare da rana har abada. Amma ko su, wanda ya koyi cin abinci da hannunsa ko nuna cewa yana son zagayawa ya rage wa mai jinyarsa nauyi, ya kuma ƙara wa kansa mutunci. Mafi yawan masu jinkirin fahimta kuwa nasu mai sauƙi ne, suna iya kaiwa nesa.

Abin da Za a Koya da Yadda Za a Koya Shi

Sharaɗi na farko shi ne a fara da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar yaro ya doshi shekara 12 zuwa 14, iyaye su zauna da malaminsa da wanda ake sa ran zai gaje su wajen kula da shi, su tambayi kansu: in ya kai shekara 20, a ina zai kwana, me zai riƙa yi da rana, wa zai kai shi asibiti? A sa shi a cikin zaman, a ji abin da yake so. A rubuta abin da aka yanke ko a littafin makaranta ne, a duba shi kowace shekara.

Sharaɗi na biyu shi ne a tsinka kowane aiki, kamar yadda ake koya wa yaro alwala gaɓa bayan gaɓa. Alal misali, ƙulla gyaɗa a leda domin sayarwa yana da matakai: buɗe leda, cika gwangwani, share bakinsa, zubawa, murɗewa, ƙullawa, ajiyewa a faranti. Sau da yawa ya fi kyau a fara daga ƙarshe. Mai koyarwa ya yi matakai shida, ya bar wa ɗalibi na bakwai, domin ya ɗanɗani daɗin gama aiki. In ya ƙware sai a bar masa biyu na ƙarshe, har a kai farko. A koyar a ainihin wurin da za a yi aikin, da ainihin kayan aikin, domin abin da suka koya a aji ba ya saurin bin su zuwa kasuwa. A yaba a kan kowane ci gaba, a guji duka da tsawa.

Fannonin horon guda huɗu ne. Na ɗaya, kula da jiki: wanka, tsarki, wanki, shan magani a kan lokaci, dafa abinci mai sauƙi, da kula da al'ada ga 'ya'ya mata. Na biyu, hanya da kuɗi. A raka shi hanya ɗaya sau da yawa, sa'an nan a riƙa binsa daga nesa, sa'an nan a bar shi, da kati a aljihu mai ɗauke da sunansa da lambar wayar gida. Wanda bai iya ƙirga ba yana iya gane takardun kuɗi ta launi da hoto, a fara aikensa sayen abu ɗaya da kuɗin da ba canji.

Na uku, sana'a. A nan muna da gata wanda Turawa sai da suka ƙirƙira shi da kuɗi mai yawa, watau al'adarmu ta kai yaro wurin maigida ya koyi aiki da gani da yi. Kiwon kaji da awaki, ban ruwan lambu, guga, wankin mota, saƙa, aikin gidan burodi, jera kaya a shago, duk ayyuka ne masu maimaituwa waɗanda da yawansu suke riƙewa da aminci. Abin da ake buƙata shi ne wani daga gida ya raka shi makonnin farko, ya fahimtar da maigidan halinsa, a kuma yanka masa lada tun farko, domin kada koyon sana'a ya rikiɗe ya zama bauta.

Na huɗu, kariya. Waɗannan matasa suna saurin yarda da mutane, saboda haka macuta suna haƙonsu. 'Yammata suna cikin haɗarin fyaɗe, samari kuma ana aikensu da kayan sata ko ƙwaya ba su sani ba. Kunya ba za ta hana mu koya musu sassan jikin da ba a taɓawa ba, da cewa "a'a", da wanda za su gaya wa. Game da aure, kuskure ne a hana shi ga kowa, kuskure ne kuma a ɗaura shi domin a rabu da nauyi. A duba ko mutum ya fahimci abin da aure ya ƙunsa, ko yana so, ko abokin zaman ya san gaskiyar halinsa, da kuma wanda zai tallafa in an sami haihuwa.

Sai maganar dukiya. A shari'ar Musulunci naƙasa ba ta rage wa magaji rabonsa. Ayoyi na 5 da na 6 na Suratun Nisa'i sun yi umarni da a riƙe wa wanda bai iya tattali ba dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi, sa'an nan a riƙa jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa musu abinsu. Malamai sun bayyana jarrabawar da cewa a ba su kaɗan su juya a gani. Wannan shi ne ainihin horo daki-daki da muke magana a kai. Ya kamata uba ya ayyana wasiyyi tun yana da rai, a gaban shaidu, a rubuce.

Nauyin Hukuma da na Ma'aikata

Ba a rasa doka ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe ga ilmin masu buƙata ta musamman, kuma a shekarar ce aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. Sashe na 19 nata ya tabbatar da haƙƙin zama cikin jama'a. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta haramta amfani da su wajen bara, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su.

Sai dai tun daga makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, ƙoƙarinmu ya fi karkata ga makafi da kurame da guragu, waɗanda suke iya kafa ƙungiya su yi magana. Saboda haka ina roƙon ma'aikatan da suke nan abubuwa kaɗan waɗanda ba su buƙatar sabon kasafi. In ana cike gurbin kashi biyar ɗin nan, a tuna da masu naƙasar tasowa a ayyukan lambu da shara da kai takardu. Jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi su haɗa kai da masu unguwanni su san gidajen da suke da irin waɗannan matasa. Shirye-shiryen koyon sana'a na gwamnati su keɓe musu gurabe, a ƙara musu tsawon lokaci. Masu yin rajistar katin ɗan ƙasa da ma'aikatan banki su yi haƙuri da mai jinkirin amsa tambaya, domin wanda ba shi da kati ba ya cikin lissafin kowane tallafi.

Ku kuma ɗalibai, musamman na sashen Hausa, akwai aiki a gabanku. Muna buƙatar kalmomi masu mutunci, da ƙananan littattafai masu hotuna da sauƙin Hausa a kan tsafta da kuɗi da hanya, da shirye-shiryen rediyo domin iyayen da ba su karatu.

Kammalawa

Na fara da labarin wata uwa wadda ƙauna ta sa ta yi wa ɗanta kome. Ba na zarginta, domin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai wata hanya, kuma tsoron da take ji na a cuce shi ko a yi masa dariya tsoro ne na gaskiya. Amma mu da muka sani ba mu da wannan uzuri. Duk wanda yake da irin wannan yaro a gidansu ko a unguwarsu, ina roƙonsa ya koma ya zaɓi aiki ɗaya tak wanda ake yi wa yaron alhali zai iya koyonsa, ya tsinka shi, ya fara koya masa a wannan mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan baffana yana nan a wurin injin niƙa har yau, kuma da Sallar da ta wuce shi ya ɗinka wa kansa riga da kuɗinsa.